Telan Ƙaramar Ƙofa da Kaskon Ƙwansa

Har yau Tela ake ce masa, alhali cikin ɗaliban da ke jami'ar yanzu babu wanda ya taɓa ganinsa riƙe da allura. Sababbin shiga sukan zo da wando a leda, su tarar da dattijo yana fasa ƙwai a bakin kasko, su tsaya suna waige-waige ko sun yi ɓatan kai. Mijin yayata ne. Ni kuwa mai gyaran famfo ne a sashen gyare-gyare na jami'ar, saboda haka duk inda ake dafa wa ɗalibai abinci, ciki da waje, na taɓa kwanciya a ƙarƙashin wurin wanke-wankensa da sifana a hannu. Na san kicin ɗin da ke da tsabta, na san wanda gabansa kawai ake gogewa. Abin da zan faɗa a kan Tela, rabi da idona na gani, rabi kuma shi ya ba ni labari, kuma Tela ba ya ba da labari babu gishiri.

Ɗinki ya koya tun yana saurayi a wajen ƙanin mahaifinsa, kuma ya iya. Hannunsa da tsabta, layinsa a miƙe. Matsalarsa baki. In ka kawo masa riga, kafin ya gama auna kafaɗarka ya san sana'ar mahaifinka, ya san wanda ya yi jinya a gidanku bara, ya kuma ba ka shawarar maganin ciwon haƙori ko da haƙorinka lafiya lau yake. Rigar kuwa sai ka yi sawu har ka gaji. Lokacin da ya zo neman auren Yaya, mahaifiyarmu ta ce yaron kirki ne, amma wa zai riƙa yin shiru a gidan? Yaya ta ce ita za ta yi. Ta kuwa cika alkawari, na kamar wata biyu.

Shagonsa yana bayan jami'a, daura da wata ƙaramar ƙofar ƙarfe da ɗalibai ke bi don yanke hanya daga ɗakunan kwanansu zuwa bakin titi. A layin akwai mai aski a damansa, mai gyaran takalma a hagunsa. Ɗalibi ba ya ɗinka sabon kaya sai abin ya zama dole, don haka yawancin aikin Tela gyara ne: zif ya lalace, aljihu ya huje, wandon da aka gada daga yaya ya yi yawa a ƙugu. A cikin shagon akwai keken ɗinki a bakin taga, dogon teburin yanka, benci ɗaya, da labule a kusurwa inda ake gwada kaya.

A wancan zamanin wuraren cin abincin ɗalibai ba su da yawa. Akwai babban kantin jami'a, mai faɗi kamar filin ƙwallo, inda miya take da ruwa har ɗalibai ke cewa ana iya ganin fuska a cikinta. Akwai wani ɗan shago kusa da ɗakin karatu da ke sayar da burodi da lemo, wanda mai shi ba ya dariya. Sai kuma a bakin babbar ƙofa, gidajen abinci masu tagar gilashi da sanyin na'ura, inda samari ke kai 'yan mata a makon farko na zango, daga nan kuma sai dai su wuce suna kallon wani gefen. Ƙaramar ƙofa babu komai sai ƙamshin man gashi da na roba.

Yaya kan aiko wa Tela abincin rana a kula. Wata rana wani ɗalibi dogo, wanda abokansa ke kira Zangarniya saboda siranta, ya zo da gudu wandonsa ya yage daga baya, ga shi yana da lacca da la'asar. Ba shi da wani wandon a kusa, don haka ya shige bayan labule, ya miƙo wandon, ya zauna jira. Tela ya ɗora wandon a keke, sai ga kula ta iso. Ya buɗe. Shinkafa ce da miyar kifi, Yaya ta yanka albasa a kai. Ƙamshi ya cika shagon. Can sai aka ji wani ƙugi daga bayan labule.

"Samari, kai ne ko kekena ne?" in ji Tela.

"Ni ne, Malam Tela. Yi haƙuri."

"Yaushe rabonka da abinci?"

"Na sha shayi."

"Yau ko jiya?"

Tela ya zuba rabi a murfin kula, ya tura ta ƙarƙashin labule da cokalinsa guda ɗaya, shi kuma ya ci da hannu. Murfin ya dawo kamar an wanke shi.

Kashegari daidai lokacin da kula ke isowa, sai ga Zangarniya da riga, wai maɓalli ya cire. Jibi ya zo da abokinsa, shi ma maɓalli. Kafin sati ya zagayo, bencin Tela ya cika da samari, kowa da riga a hannu, kowa ido a kan hanya. Tela ba wawa ba ne. Ya ɗaga wata riga ya duba zaren, ya ga ba tsinkewa ya yi ba, da reza aka yanke shi, tsaf.

"Wanda ya yanke wannan yana da hannu," ya ce. "Da zai bar karatu ya zo in koya masa sana'a."

Suka fashe da dariya, shi ma ya yi, ya kuma raba musu abincin. Dama abin da yake so ke nan, masu saurare.

A gida sai ya fara cewa a ƙara masa abinci, aiki ya yi yawa. Yaya ta ƙara. Ya ce a sake ƙarawa. Ta sauya kula zuwa babba. Amma ta lura mutumin da ake kai wa abincin mutum uku sai ramewa yake yi, wuyan rigarsa na yi masa yawa. Ta kira ni gefe ta tambaye ni ko na san abin da ke faruwa. Na sani sarai, domin ni ma na taɓa kai rigata, amma na ce gani ya kori ji.

Ranar da ta kawo kular da kanta ina nan. Ta tsaya a bakin ƙofa da goyon 'yarta ta fari, ta dubi bencin, ta dubi cokulan da kowane ɗalibi ya zaro daga aljihunsa tun kafin ya gane wadda ta shigo. Zangarniya ya yi ƙoƙarin ɓoye nasa a hannun riga, ya faɗi ƙasa yana ƙara.

"Malam, waɗannan su ne aikin da ya yi yawa?"

"Abokan ciniki ne," in ji Tela. "Maɓalli suka kawo."

"Da cokali ake ɗinka maɓalli yanzu?"

Ta ajiye kular a teburin yanka, ta buɗe, ta ce kowa ya matso. Ta tsaya tana kallon yadda suke ci. Yaya mace ce da ba ta iya ganin mai yunwa ta yi fushi da shi, sai dai ta yi fushi da wanda ya bar shi da yunwar. Da suka gama ta ce, "Gobe kowa ya bar rigarsa a ɗaki. Zan dafa da yawa, ku saya kamar yadda kuke saye a kantinku. Mijina kuma a bar shi ya ci nasa."

Haka gidan abincin ya fara, babu allo babu suna. An ɗora rumfar kwano a bayan shago, nan Yaya ta kafa murhunta, ni na jawo mata famfo. Teburin yanka ya koma teburin cin abinci, har yau in ka duba gefensa za ka ga zanen awo. Keken ɗinki aka fara tura shi kusurwa, aka rufe da zane don kada miya ta fallatsa masa, daga baya aka kai shi gida. Shinkafa da miya, taliya, dankali da ƙwai, wake, kifi ranar da ya yi araha. Ba wani abin mamaki ba ne, sai dai miyar tana da kauri, kuma ana zuba ta da hannun da bai san rowa ba. Ɗalibai suka sa wa Yaya suna Inna, shi kuwa Tela ya ci gaba da zama Tela, da ƙarin Baba a gaba da furfura ta fara fitowa a gemunsa.

Aikinsa kai faranti da hira. Tukunya ko murfinta bai taɓa ɗagawa ba. Amma tef ɗin awo bai bar wuyansa ba, idonsa ma bai daina aikin tela ba. Ɗalibi zai shigo, ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Kai, wandon nan da ka zo da shi farkon zango ba haka yake zama a ƙugunka ba. Inna, a ƙara wa wannan." Ko kuma ya ce wa wani mai ƙiba, "Kai kam maɓallinka na uku yana neman taimako, a rage maka mai." 'Yan mata da farko ba sa shigowa, sai dai su aiko. Yaya ta sa ya ɗinka labule mai furanni, aikinsa na ƙarshe a keke ke nan, aka ware musu gefe kusa da rumfarta. Can ne ake zuwa da kukan jarrabawa da na samari, Yaya tana juya miya tana ba da amsa a taƙaice. A gefen Tela kuwa ƙwallo ake yi da siyasa, shi ne alƙali, shi ne kuma mai ƙara.

Shekaru suka tafi a haka, suka haifi 'ya'ya huɗu, suka bar gidan haya. Sai jami'a ta yi sabon shugaba mai son gini. Aka rushe tsohon kantin, aka gina sabo mai tayil da fankoki da talabijin, aka yanka shi rumfa-rumfa don a ba masu abinci daban-daban. A lokaci guda kuma aka ce ana yawan satar kaya a ɗakunan ɗalibai, don haka aka sa wa ƙaramar ƙofa sarƙa da kwaɗo. Duk mai son zuwa wajen Tela sai ya fita ta babbar ƙofa ya zagaye katanga, tafiyar da in ka yi ta da yunwa za ka iso ba ka iya gaisuwa.

Ciniki ya faɗi warwas. Mai gyaran takalma ya tattara ya koma wani wuri. Ni ne na sa famfunan sabon kantin, don haka na gaya wa Yaya ana neman masu dafa abinci, kuma gwaji ake yi. Ta je ta dafa, aka ci, aka ba ta rumfa ta kusa da ƙofa. Ranar da ta shiga kicin ɗin ta murɗa gas ya kama ba hayaƙi, ta buɗe firji, ta taɓa famfon ruwan zafi, sai ta juyo ta ce mini, "Ashe haka mutane ke rayuwa, ni ina can ina hura wuta da bakina."

Tela ya bi ta, amma ransa bai so ba. A sabon kantin akwai manaja, wata mata mai tsari wadda ba ta da mugunta ko kaɗan, ita dai a bi doka. Kowa sai ya sa farar rigar girki da hular raga. Tela ya ce shi da ba gashi a kansa me hular za ta tare? Aka ce doka ce. Tef ɗin wuya aka ce a cire, zai iya faɗawa cikin miya. Mafi muni, ba a kai wa kowa faranti. Ɗalibi zai bi layi, a zuba masa, ya ɗauka ya tafi can nesa ya zauna yana kallon talabijin. Tela yana bayan kantar zuba abinci, ludayi a hannu, mutane na wucewa ta gabansa kamar ruwa.

Bai iya ba. Ɗalibi zai miƙo faranti, Tela ya riƙe gefe ɗaya ya ce, "Ya jikin mahaifiyar taka? An cire mata ɗaurin?" Ɗalibin ya fara bayani, layi ya miƙe har waje, na baya suna buga cokali a faranti. Manaja ta yi magana sau ɗaya, ta yi sau biyu, a na uku sai ta kira Yaya gefe. Da yamma suna wanke tukwane, ina ƙasa ina ɗaure wani bututu, na ji Yaya ta ce:

"Malam, ina so mu yi magana, amma kada ka ɗauke ta da zafi."

"Ina jin ki."

"Na sallame ka."

"Daga auren ko daga aikin?"

"Daga aikin. Auren ka iya shi."

Tela ya cire hular raga, ya ninke ta gida huɗu yadda tela ke ninke abu, ya ajiye a kan kantar abinci. Ya ce dama shi ma yana shirin ajiye aikin, ta riga shi ne kawai. Ya ce gobe zai buɗe shagonsa na ƙaramar ƙofa. Yaya ta tambaye shi ko keke za a dawo da shi. Ya ce a'a, idonsa ba ya ganin ramin allura yanzu. Abinci zai sayar.

"Wa zai dafa?"

"Ni. Shekara nawa ina kallon ki?"

"Kaza ma tana kallon mai tuƙa mota," in ji Yaya.

Ni aka fara gwadawa a kaina, don ƙanin mata ba shi da gata. Shinkafar farko sama ɗanya, ƙasa gawayi, tsakiya kuma wani abu ne da ban san sunansa ba. Ta biyu ta dahu har ta zama kamar abin liƙa takarda. Miyar kuwa ya zuba mata gishiri sau biyu, domin yana cikin zubawa mai aski ya leƙo suka shiga gardamar ƙwallo, ya manta ya sake. Mai aski ya ɗanɗana cokali ɗaya, ya ajiye a hankali, ya ce shi dai zumunci ya fi masa abinci, a bar shi a zumuncin.

Sati guda Tela yana zubar da tukunya a bayan shago, har kajin unguwa suka san lokacinsa. Daga ƙarshe ya sauke kai ya roƙi Yaya ta koya masa. Ta ce shinkafa da miya suna son mutumin da zai iya yin shiru ya saurari tukunya, shi kuwa ba a halicce shi don haka ba. Abin da ya dace da shi, shi ne abin da ke dahuwa kafin a gama jimla ɗaya. Ta miƙa masa kasko da ƙwai.

A nan ne hannunsa na da ya dawo. Albasar Tela in ka gan ta sai ka rantse da ma'auni aka yanka, kowane yanki daidai da ɗan'uwansa. Tumatir haka, tattasai haka. Ya gano yawan man da ƙwai ke so, ya gano lokacin da ake juyawa, ya koyi ninke shi ya fito da kusurwa huɗu kamar aljihun riga. Ya haɗa da burodi da shayi mai kauri. Na ci na farko ina addu'a a zuci, na biyu kuwa ni na roƙa.

Saura masu ci. Tsofaffin abokan hirarsa kaɗan sukan zagayo katanga saboda kunya, amma ba kullum ba. Wata safiya yana zaune shi kaɗai sai ya ji ana kiran sa daga ƙofar da aka kulle. Wata ɗaliba ce, cikin masu zama gefen Yaya a da, ta riƙe sandunan ƙarfen tana leƙe. Ta ce kantin bai buɗe ba tukuna, ga ta da jarrabawa, ƙamshi kuma ya hana ta wucewa. Tela ya soya, ya ɗora a faranti, ya tsallaka hanya. Farantin ya ƙi shiga tsakanin sanduna. Ya karkata shi, ƙwan ya nemi zamewa. Ta ƙasa kuma ba wuri. A ƙarshe ya riƙe mata farantin daga waje, ita kuma ta zuro hannu tana ci daga ciki, suna ta dariya su biyu.

Da ta tafi sai ya koma shago ya ɗauko tef. Ya auna tsakanin sanda da sanda, ya tafi gidan burodi ya ce a riƙa yi masa wani siriri dogo mai wannan faɗin, kada ya ɗara. Ya riƙa tsaga shi, ya shimfiɗa ƙwan a ciki, ya naɗe da takarda. Shayi kuma a ƙananan kwalabe masu murfi. Komai na wucewa ta ƙofar ba tare da ya taɓa ƙarfe ba.

Labari ya bazu a ɗakunan kwana. Da sassafe kafin kantin ya buɗe, da kuma yamma bayan ya rufe, sai ka ga ɗalibai sun taru a jikin ƙofa, hannuwa sun fito ta tsakanin sanduna. Tela ya jawo teburinsa da rishonsa har bakin ƙofar don kada tsallaka hanya ya katse masa hira. Ya samu abin da ya rasa, har da ƙari, domin yanzu masu sauraren nasa ba su da inda za su sai sun karɓi burodinsu. Mai gadin da aka sa ya kula da wurin ya zo da niyyar kora, aka miƙa masa ɗaya, daga ranar ya zama mai tsara layi.

Wata yamma wata babbar ma'aikaciya mai kula da harkokin ɗalibai ta biyo ta wurin da ƙafa. Ta tsaya daga nesa tana kallon 'ya'yan mutane sun manne da ƙarfe suna miƙa hannu, wani dattijo a waje yana ba su abinci yana tambayar su labarin gida. Ta matso ta ce, "Baba, wannan jami'a ce ko gidan yari ka zo ziyara?"

"Ranki ya daɗe, ni ma tambayar da nake yi ke nan. Da albasa ko babu?"

Ta ce da albasa. Ta ci a tsaye, ta goge hannu, ta tafi. Ba a yi wata guda ba aka cire sarƙar, aka sa mai gadi da kujera, ana buɗewa da safe a rufe da magariba. Tela yana cewa ƙwansa ne ya buɗe ƙofar. Ni na ji a ofis cewa dama an daɗe ana kawo ƙorafi, amma ban taɓa gaya masa ba. Burodin kuwa bai sauya faɗinsa ba, ɗalibai sun ce in ya yi ƙiba ba na Tela ba ne.

Tun daga nan gidan ya rabu biyu, ciki da waje. Da rana ɗalibai na Inna ne, safe da yamma na Baba Tela. A gida sukan yi gardama a kan wane ne na wa. Yaya ta ce ita ke riƙe da cikinsu, shi ƙwalama kawai yake sayarwa. Shi kuma ya ce wajenta dole ke kai su, wajensa ƙauna. Amma in ya ga ɗalibi ya mai da burodi abincinsa na safe da rana da yamma, yakan hana shi, ya ce, "Jeka wajen Inna ka ci abincin mutane, ka dawo da yamma." Ita ma in ta ga wani ya zauna shi kaɗai a ƙarshen kanti yana juya cokali ba ya ci, takan ce masa, "Ka san ƙaramar ƙofa? Je ka, akwai wani tsoho can da ba ya barin mutum ya yi tunani."

Yanzu gwiwa ta fara damun sa, a zaune yake suya a kan doguwar kujera da na haɗa masa da ragowar bututu. Bara autarsu ta samu shiga jami'ar, tana karatun haɗa magunguna. Murna a gidan ba a magana. Tun kafin ta fara, iyayen suka shiga gardamar wajen wa za ta riƙa ci. Yaya ta ware mata faranti na musamman. Tela ya ce kujerar kusa da shi tata ce.

Zango ya fara, Auta ba ta leƙa ko ɗaya ba. Sati biyu shiru. Da ta zo gida hutun ƙarshen mako aka zaunar da ita a tsakar gida, ni ma aka kira ni a matsayin kawu.

"A ina kike cin abinci?" in ji Yaya.

"Muna dafawa a ɗaki, ni da ƙawayena. Wani lokaci mu je bakin babbar ƙofa."

"Masu gilashi," in ji Tela, ya dubi Yaya. "'Yarki a masu gilashi."

"Da ta yi abin kirki 'yarka ce ai."

Auta ta ce ba raini ba ne. Ta ce in ta je wajen Umma, za a cika mata faranti a gaban kowa a ce ta rame. In ta je wajen Baba, kafin shayi ya huce duk jami'a ta san ranar da ta fara tafiya da abin da ta yi wa katifa tana shekara uku. Ta ce ƙawayenta ma ba su san 'yar gidan ba ce, kullum suna ba ta labarin wani tsoho mai ƙwai da ya kamata ta je ta gani.

Tela ya gyara zama. "Me suke cewa a kaina?"

"Wai kana da kirki, amma ba ka gajiya da magana."

"Kirkin suka fara faɗa ko maganar?"

"Kirkin."

Ya gyaɗa kai, ya gamsu. Aka yi sulhu a kan cewa za ta riƙa zuwa wajen kowannensu sau ɗaya a mako, a bi da ita kamar kowace ɗaliba, ba ƙari, ba labari. Yaya ta amince da sharaɗin ƙarin nama ɗaya ba ya cikin lissafi.

Ranar da ta fara zuwa ƙaramar ƙofa da ƙawayenta biyu, na je musamman don in ga yadda za a kwashe. Tela ya tarbe su kamar baƙi. Ya tambayi ta farko sunan garinsu, ya tambayi ta biyu abin da take karantawa. Ya zo kan Auta, ya dube ta. Ya fasa ƙwai, ya kaɗa, ya zuba a kasko, duk bai ce uffan ba. Ban taɓa ganin ya yi shiru mai tsawon haka ba, har mai aski ya leƙo ya ga ko lafiya. Ya naɗe burodin ya miƙa mata.

"Ga shi, 'yan mata. Ban sa tattasai ba, tun kina ƙarama yake sa ki atishawa."

Ƙawayen suka juyo suka dube ta. Auta ta rufe fuska da littafinta. Tela ya dube ni ya ce, "Mai famfo, ka shaida na yi ƙoƙari."

Na ce na shaida. Sannan ya jawo wa ƙawayen benci, ya ƙara musu shayi, ya fara daga ranar da aka haife ta.